Kamu Tara Daga Zugun Kaka

Shekaranjiya ina zaune a tsakar gida ina ɓarar gyaɗa, sai na ji ƙarar almakashi a bayana, ƙaras, ƙaras. Jikata ce, 'yar shekara takwas. An ce musu a makaranta kowa ya zo da ƙyalle da allura za a koya musu ɗinkin jaka, ita kuma ta samo wani fari tana datsawa. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba, na ce, "Na wane ne wannan ƙyallen?" Ta razana, ta ce uwarta ce ta ba ta. Na ce to, yanka abinki. Amma gyaɗar nan ban sake taɓa ta ba har rana ta faɗi. Akwai abin da na riƙe a ciki fiye da shekara hamsin, yau zan faɗa muku shi yadda ya faru.

A Garwa aka haife ni, zamanin shugaban ƙasa na farko, ɗan garinmu. Baba mahauci ne. Daga sallar asuba yake wucewa mayanka, ya dawo da azahar yana ƙanshin kitse da hayaƙi. Inna tana soya kayan ciki ana kaiwa bakin kasuwa, don haka hannunta kullum yana wajen murhu, bai san allura ba. Mu biyu ne 'ya'yanta a lokacin, ni mai shekara goma, da ƙanwata mai shekara shida. Sai Kaka, mahaifiyar Baba, wadda yanar ido ta fara rufe mata gani.

Kaka ce ta koya mana aikin hannu. Bayan la'asar takan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, mu zauna da 'yan matan maƙwabta. 'Yar tsanarmu ta ƙashi ce, kamar ta duk 'ya'yan mahauta. Baba ya kawo ƙashin ƙafar rago, a dafa, a kankare, a ɗora a kan rumfa tururuwa su ƙarasa aikin. Idan ya bushe ya yi fari, sai Kaka ta murza kakin zuma ta yi masa kai, ta danna ƙananan duwatsun ado biyu a matsayin ido, mu kuma mu yi kitso da baƙin zare. Suturar kuwa daga ƙyallayen tela ne, waɗanda yake tara mana, Baba ya riƙa aika masa da 'yar hanta. A shekarun nan zane mai hoton shugaban ƙasa ya cika gari, sai ka ga 'yar tsanar wata ta ɗaura kunnen shugaba, ta wata kuma rabin hularsa. Kaka ta yi ta dariya, ta ce mun raba bawan Allah kamar naman layya.

Dokarta ɗaya ce: ba a barin bakin ƙyalle a sake, sai an lanƙwasa shi an yi masa kalmasa. Da yake ba ta gani sosai, da babban yatsa take duba aikin kowa. Ta bi ɗinkin a hankali, ta ce, "Wannan ta gidan liman ce, tana tsalle kamar kwaɗo." Ba ta taɓa kuskure ba. Ni kuwa bahaguwa ce. Wajen cin tuwo Inna ta sha buge mini hannu, amma Kaka ta ce tuwo da dama, ɗinki da hannun da Allah ya ba ni. Saboda haka kalmasata takan faro daga inda ta kowa take ƙarewa, zaren ya kwanta ta ɗaya gefen. "Bahaguwa," in ji ta, "ko a cikin duhun kabari na shafa ɗinkinki zan gane ki."

A ƙarƙashin gadonta akwai wani adudu mai ƙanshin ciyawar jema. A cikinsa zugu yake. Yaran yanzu ba su san zugu ba: farin saƙin hannu ne, siriri, faɗinsa kamar yatsu huɗu, an naɗe shi ya yi faɗin faifai. Audugar daga gonar Kakanmu namiji ta fito, can wajen Tuboro, nomansa na ƙarshe kafin ya rasu. Kaka ta taho da ita Garwa, ta yi shekaru tana kaɗi da mazari, kaɗan kaɗan, har idonta ya gaza. Wani tsohon masaƙi a unguwarmu ya saƙa mata. Sau ɗaya a shekara takan fito da shi ya sha iska, ta ce mana, "Rigar tafiyata ke nan. Na auna ta daidai jikina, babu ragi babu ƙari." Kada in yi muku ƙarya in ce ƙuruciya ta hana ni ganewa. Na san likkafaninta ne.

Ni ce mace ta farko a gidanmu da aka sa a lekol, wato makarantar boko. Malamar ajinmu mutuniyar kudu ce, ba ta jin Hausa, ba ta jin Fillanci. Wata rana ta ce kowace yarinya ta zo da farin ƙyalle a yi hankici. Sau biyu ina kai mata mai launi, sau biyu tana sa ni durƙuso a rana, ranar Garwa ta bazara wadda take ƙona gwiwa. Na gaya wa Inna, ta ce in tambayi Baba. Na tambayi Baba, ya yi dariya ya nuna rigarsa.

"Fari a gidan mahauci? Ai ko ya shigo ba ya kwana."

Washegari da tsakar rana, gari ya yi tsit don zafi, Kaka tana barci a ƙarƙashin rumfa. Na shiga ɗakinta da almakashi. Na ce a raina, abu mai tsawo haka, wa zai san an taɓa? Na auna kamu uku da ɗan guntun hannuna, na ƙara kaɗan, na datsa. Har yau ina jin yadda saƙin ya yi wa almakashi gardama kafin ya saki.

Na raba shi uku, na haɗa gefe da gefe, na yi kalmasa mai kyau. Malama ta ɗaga shi a gaban aji, ta yi ta yabo cikin Faransanci, ta maƙala shi a bango da ƙusa. Da a nan na tsaya, da wataƙila Allah ya rufa asiri. Amma na ɗanɗana. Saƙin nan allura tana shigarsa kamar ana soka ta a tuwo, ba irin tsumman tela ba. Na koma. Na yi wa 'yan tsanata zane da mayafi, na yi musu shimfiɗa, har da labule da 'yar jaka mai igiya. Ina ɓoye su a wata fasasshiyar tukunya bayan madafa. Kowace komawa ina ce wa kaina ta ƙarshe ce.

A ta huɗu na ɗago kai na ga ƙanwata a bakin ƙofa, yatsa a baki.

"Yaya, na Kaka ne fa."

Na jawo ta ciki. Na ba ta 'yar tsanar da ta fi kowace kyau, mai farin zane da farin mayafi, wadda ta daɗe tana roƙo ko taɓawa ne. Sannan na riƙe kunnenta na ce, "In kika faɗa, ni ba yayarki ba ce, har abada." Ta gyaɗa kai. Yarinya ce da ba ta da kowa a duniya kamar ni. Inda na sa ƙafa nan take sawa.

Damina ta sauka, Binuwai ta cika, jiragen ruwa suka fara isowa suna busa ƙaho. A lokacin ƙafafun Kaka suka kumbura, tari ya kama ta. Aka aika wa Goggo, ƙanwar Baba da ke aure a Yagwa, ta zo jinya. Wata safiya Kaka ta ce a fito mata da adudunta, tana so a yanka a haɗa mata kayanta tun tana iya faɗin yadda za a yi. Goggo ta ce wa mahaifiyar tata haba Inna, wane irin zance ne wannan. Kaka ta ce, "Wanda zai yi tafiya shi yake ɗaure kayansa."

Aka jingina ta da bango. Ta kama bakin zugun, ta fara aunawa daga gwiwar hannu zuwa yatsa, leɓenta yana motsi. Goggo tana karɓa tana ninkewa. Ina tsaye a jikin zana ina kallo. Ta kai ƙarshe. Ta ce a mayar mata, ta sake daga farko. Ta sake kaiwa ƙarshe.

"Kamu tara babu," in ji ta. "Abin rufe kaina ne babu."

Inna ta ce ko ɓera ne. Kaka ta miƙa mata bakin saƙin. "Ɓeran da yake da almakashi."

Ba a yi dogon bincike ba. Ƙanwata tana zaune a gindin turmi, ta goya 'yar tsanarta, farin mayafin yana leƙowa. Goggo ce ta fara gani. Inna ta fizgo ƙanwata, ta kwance goyon.

"Ina kika samo wannan? Ke nake tambaya."

Ƙanwata ba ta kalli Inna ba. Ni ta kalla. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata.

Kaka ta ce a ba ta ta ji. Aka sa mata 'yar tsanar a hannu. Ta ɗora babban yatsa a bakin mayafin, ta bi shi a hankali daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ta daɗe. Sannan ta juyo da fuskarta daidai inda nake tsaye, da idanun nan da ba sa gani, ta ce, "Kalmasar ta yi kyau." Ba wanda ya gane abin da take nufi sai ni.

Inna ta karɓe 'yar tsanar ta jefa a murhu. Kakin ya narke, farin ƙyallen ya kama da wuta, shaidar da za ta wanke ƙanwata ta zama toka ina kallo. Aka yi mata duka. Ba ta ce komai ba sai kuka. Kaka tana daga inda take jingine tana cewa, "Ku ƙyale yarinyar nan, ba ita ba ce." Inna ta ce, "To wace ce?" Kaka ta ce, "Mai abin tana da baki." Suka ɗauka irin kariyar da kakanni suke yi wa jikoki ce kawai.

Da duka ne kaɗai, da ya wuce. Amma kafin la'asar zancen ya zaga unguwa. Na ji maƙwabciyarmu tana faɗa ta bayan zana, cikin Fillanci wanda duk muna ji, wai yarinyar da ta yanka likkafanin mai rai, kiran mutuwa take yi wa gida. Iyaye suka hana 'ya'yansu zuwa gindin darbejiya. Idan ƙanwata ta fita ƙofar gida, yara su watse suna cewa ga mai yanka likkafani nan. Inna kanta ta daina kallonta ido da ido. Takan ajiye mata tuwo a gefe, ba ta cewa komai.

Ni kuwa sai na shiga neman yadda zan mayar da kamu tara ba tare da na buɗe baki ba. Ku ji wauta. Da tsakar rana in ɓuya bayan madafa, in kwance duk abin da na ɗinka, in warware kalmasar da allura, in wanke, in haɗa gutsattsarin baki da baki. Yatsuna duk suka huhhuje. Da na gama na auna, kamu huɗu da rabi, shi ma duk tabon ɗinki kamar bayan kada. Na ruga lekol don in ɗauko hankicin, na tarar an tafi dogon hutu, ƙofa da kwado. Na leƙa ta taga, ga shi can a bango a kan ƙusarsa, fari tas. Na girgiza ƙarfen tagar har tafin hannuna ya yi ja. Mai gadi ya kore ni.

Na ɗauki mazarin Kaka da ɗan ragowar auduga, na ce zan kaɗa sabon zare. Ban taɓa koyo ba. Zaren ya fito nan kauri nan siriri, yana tsinkewa kafin ya kai taƙi. Kwana uku ina yi, abin da na tara bai cika tafin hannu ba. Duk da haka na ƙulle shi a bakin zane na nemi tsohon masaƙin. Na tarar ya naɗe kayan saƙarsa tuni, yana gadi a sabuwar masaƙar inji da aka buɗe a garin. Ya duba zaren, ya duba ni.

"'Yata, wannan ko lagwanin fitila bai kai ba. Me za ki yi da shi?"

Na ce kamu huɗu da rabi nake so. Ya ce ko da zaren kirki ne, sai na yi wata da watanni ina kaɗi, kuma shi ya daina. Na tsuguna a bakin hanya na yi kuka har masu keke suna tsayawa.

Baba ya sayo farin yadin alawayyo a kanti don a cike. Ya kira liman, ya gaya wa Kaka cewa duk farin ƙyalle mai tsarki ya wadatar, babu laifi a kanta. Kaka ta ce ta sani, ta gode. Da aka sa mata shi a hannu ta shafa, ta ce a hankali, "Sanyi gare shi. Bai san ni ba."

Ranar wata Laraba da hantsi aka bar ni ni kaɗai ina yi mata fifita. Ta lalubo hannuna na hagu, ta shafa kan yatsun, ta ji hujin allura.

"Bahaguwa, aiki kike yi?"

Na ce a'a.

"Ƙyallen ya riga ya tafi, na yafe shi. Ba shi nake ji ba. Ƙanwarki nake ji. Ni in na faɗa, za a ce tsufa ne, kuma ba zai wanke ki ba. Bakinki ake jira."

Na ce, "To, Kaka." Na yi niyya, Allah ya sani. Na ce bari Baba ya dawo. Da ya dawo na ga fuskarsa, na ce bari gobe. Gobe ta zo na ce sai Goggo ta fita. Ranar Juma'a harshen Kaka ya karye, ba ta ƙara magana ba. Ranar Lahadi da safe ta cika.

Mata suna cikin ɗaki suna yi mata wanka, ni ina tsaye a bakin ƙofa, ɗan haɗe-haɗen nan nawa yana ƙunshe a cikin zanena. Taku uku ne tsakanina da Inna. In shiga, in miƙa, in ce ni ce. Na ji Goggo tana cewa a miƙo alawayyon. Na tsaya har aka rufe kan Kaka da ƙyallen kanti, aka fito da ita, maza suka ɗauka.

Bayan sadakar bakwai Goggo ta ce za ta tafi da ƙanwata Yagwa, ta huta da bakin mutane. Inna ba ta musa ba. Muka raka su tashar mota. Da za a ɗaga ta a ɗora a bayan motar, ta waiwayo ta dube ni, irin duban nan na ranar turmi. Na ce a raina in ta kira ni zan faɗa. Ba ta kira ba.

Tafiyar da aka ce ta wata uku ce ta zama ta rayuwa. Can ta girma cikin gonakin shinkafa, can ta yi aure. Takan zo Garwa jefi-jefi, ita da Inna su gaisa kamar baƙi. Ni na yi aure, na haihu, na yi suna wajen ɗinkin kayan jarirai, mata suna yaba kalmasata. Kowace shekara ina cewa bana zan gaya wa Inna. Baba ya rasu. Inna ta tsufa a hannuna, ni nake yi mata komai, tana sa mini albarka tana cewa ni ce 'yar da ba ta taɓa sa ta kuka ba. Wannan albarkar ita ta ƙara ɗaure mini harshe. Haka ta rasu.

Sai bayan shekara biyu da rasuwarta na hau mota na tafi Yagwa. Na sami ƙanwata tana sheƙe shinkafa, kanta ya yi furfura. Na fito da ƙyallen na ajiye a gabanta, na ce ni ce na yanka zugun Kaka, ta yafe mini.

Ta ajiye faifan. "Ni kike gaya wa? Ai ina wurin."



"Na yafe, don ina son Allah ya yafe mini nawa," in ji ta. "Amma ba ni ce mai bukatar ji ba. Shekara arba'in ina jira ki gaya wa Inna. Duk zuwan da na yi Garwa, ina duba idonta ko kin faɗa."

Ta ninke ƙyallen ta mayar mini, ta sa aka kawo mini abinci, ta yi mini shimfiɗa mai kyau. Ba ta rage ni da komai ba.

Yanzu babu mai kaɗi a unguwarmu, babu masaƙi. 'Yar tsana ta roba ce, ana sayowa da rigarta. Farin yadi ya yi arha, yarinya ta ɓata kamu goma ba wanda zai tambaya. Darbejiyar ma an sare ta an yi shago. Jikokina nakan zaunar da su in koya musu sa zare a allura da lanƙwasa baki, domin abin da na iya ke nan. Jiya na tara 'ya'yana da su duka, na buɗe adudun Kaka, na nuna musu kamu huɗu da rabin nan mai tabo, na gaya musu abin da na gaya muku. Na ce ranar da na tafi, da shi za a rufe mini kai.

Ƙanwata tana nan da rai. Muna gaisawa ta waya ranar Juma'a, ta tambayi ƙafata, in tambayi idonta. Takan ce, "Mutanen Garwa, kuna lafiya?" Tun ranar da aka jefa 'yar tsanar nan a wuta ban ƙara jin ta ce mini Yaya ba. Ni na ce mata tun muna yara in ta faɗa ni ba yayarta ba ce. Ita ta riƙe nata alkawarin, ba ta faɗa ba. Duk Juma'a idan wayar ta yi ƙara, nakan ɗan yi shiru kafin in amsa sallama, ko za ta kira ni da shi.